Mawaƙin da Aka Yi wa Makoki Yana Raye

A Afirka ta Kudu ta shekarun 1970 da 1980, babu mai gardama a kan cewa Rodriguez ya mutu. Yadda ya mutu ne ake musu a kai. Wasu suka ce yana tsakiyar wasa a gaban jama'a ya tuttula wa kansa fetur ya ƙyasta ashana. Wasu suka ce a'a, 'yan kallo ne suka yi masa ihu don wasan bai yi armashi ba, ya daure ya ƙarasa waƙar ƙarshe, sannan ya zaro bindiga ya harbi kansa. Akwai masu cewa ƙwaya ce ta yi ajalinsa, akwai masu cewa a kurkuku ya cika. Kowa da wanda ya gaya masa, wanda ya gaya masan kuma shi ma ji ya yi a bakin wani. A duk tsawon shekarun nan mutumin yana birnin Detroit na Amurka, yana sammako zuwa aikin rusau da gyaran tsofaffin gidaje, ya komo da ƙura a ka, bai san akwai wata ƙasa da ake rera waƙoƙinsa a barikin soja da ɗakunan ɗalibai ba.

Cikakken sunansa Sixto Diaz Rodriguez. An haife shi ranar 10 ga Yuli, 1942, shi ne ɗa na shida a gidan ma'aikata 'yan ci-rani masu asali daga Meziko. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara uku. Detroit ɗin da ya tashi a cikinta birnin ƙera motoci ne, birnin kamfanin waƙa na Motown, kuma birnin da ya kama da wuta a tarzomar Yulin 1967, wadda ta ci rayuka 43. A ƙarshen shekarun 1960 wasu masu shirya faifai biyu, Mike Theodore da Dennis Coffey, suka je wata mashaya da ke kusa da kogin birnin, ana ce mata The Sewer, don an ba su labarin wani mai jita. Hayaƙin taba ya turnuƙe wurin. Da ƙyar suka hango shi a kusurwa, yana waƙa ya juya wa jama'a baya. Ba wai salo ba ne ko jan aji, kunya ce kawai. Amma kalmomin da ke fita daga bakinsa sun sa mutanen biyu suka ga kamar sun tsinci Bob Dylan na talakawan Detroit.

Suka kai shi kamfanin Sussex na Clarence Avant, wanda daga baya ya zama shugaban Motown. A watan Maris na 1970 faifansa na farko ya fito, mai suna Cold Fact. Waƙoƙi 12 ne, duka ba su wuce minti talatin da 'yan kai ba. Ba a yi masa rowar makaɗa ba: Coffey da kansa ya riƙe jita, Bob Babbitt na makaɗan Motown ya riƙe babbar jita mai amo. Waƙoƙin suna magana ne a kan dillalan ƙwaya, da karuwan bakin titi, da 'yan siyasa maƙaryata, da masu kuɗin da ke yi wa talaka wa'azin haƙuri, da soyayyar da ta yi tsami. Muryar ba ta da ihu irin na mawaƙan rok na zamanin. A tsaye take, a fili, kamar mutum yana gaya maka abin da ya gani da idonsa a kan hanyarsa ta zuwa.

Faifan bai sayu ba. Aka tura shi Landan ya yi na biyu, Coming from Reality, a hannun Steve Rowland, ya fito a Nuwamban 1971. Shi ma haka. Ana saura mako biyu Kirsimeti kamfanin ya sallame shi, shi kansa kamfanin kuma ya rufe a 1975. Da aka tambayi Avant shekaru da yawa bayan haka ko faifai nawa Rodriguez ya sayar a Amurka, sai ya ce shida, yana gatse, har yana lissafa matarsa a cikin waɗanda ƙila suka saya.

Rodriguez bai tsaya kukan duniya ba. Ya koma leburanci. A 1976 ya sayi wani kangon gida a unguwar Woodbridge a gwanjon gwamnati a kan dala 50, ya gyara shi da hannunsa, ya zauna a ciki shekara da shekaru. Ya yi digiri a fannin falsafa a Jami'ar Wayne State, ya gama a 1981. Ya tsaya takarar magajin gari, ya tsaya ta kansila, bai taɓa ci ba. Abokan aikinsa sun san shi da wata ɗabi'a guda: yakan zo wurin fasa bango da kwashe tarkace sanye da kwat, kamar mai zuwa ɗaurin aure. 'Ya'yansa mata uku kuma yakan ja su zuwa ɗakunan karatu da gidajen tarihi, don su san cewa waɗannan wurare ba na 'ya'yan masu kuɗi kaɗai ba ne.

To, a can ƙarshen nahiyarmu wani abu dabam ke faruwa. Masoyansa suna da tatsuniyarsu ta yadda faifan ya shigo ƙasar: wai wata Ba'amurkiya ce ta kawo wa saurayinta ziyara da shi a jaka, abokai suka ji, suka yi ta kwafa a kaset. Abin da ke rubuce shi ne, tun 1971 aka fara buga Cold Fact a Afirka ta Kudu da lasisi, daga nan kuma aka yi ta sake bugawa. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne an sayar da faifansa wajen rabin miliyan, a ƙasar da Turawanta, waɗanda su ne mafi yawan masu saye, ba su wuce miliyan 4 zuwa 5 ba. Ban da na satar fasaha, wanda ba mai iya ƙirgawa. Ya kuma bazu zuwa Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, da Botswana.

Stephen Segerman, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka tono gaskiyar daga baya, ya sha bayyana abin da 'yan tsararsa ke tunawa. Ya ce idan ka shiga gidan Bature mai matsakaicin hali, mai ɗan sassaucin ra'ayi, ka bincika tarin faifansa, faifai uku ba ka rasa su: Abbey Road na Beatles, da Bridge over Troubled Water na Simon da Garfunkel, da Cold Fact. A ganinsu waɗannan ukun sa'o'in juna ne. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa biyun farko duniya ce ta san su, na ukun kuwa ko a unguwar mai shi ba a san da shi ba.

Me ya sa wannan faifan, ba wani ba? Sai an dubi irin kullen da yaran nan suka tashi a ciki. Gwamnatin wariyar launin fata ba baƙar fata kaɗai ta danne ba, ko da yake su ne suka sha ainihin azabar. 'Ya'yan Turawan ma ta tsare musu ido da kunne. Babu talabijin a ƙasar sai a 1976, don mahukunta suna ganin ƙofar ɓarna ce. Gidan rediyon gwamnati, SABC, ya haramta waƙoƙin Beatles a 1966 saboda wata magana da John Lennon ya yi a kan addini. A 1980 aka haramta waƙar Pink Floyd mai suna Another Brick in the Wall, bayan ɗaliban da ke ƙaurace wa makarantun wariya sun mayar da ita taken zanga-zanga. Coci na cewa a bi gwamnati, makaranta na cewa a bi gwamnati, uba a gida na cewa a bi gwamnati. Da yaro ya gama sakandare kuma sai aikin soja na dole, wanda ya kai shekara biyu, sau da yawa a dajin kan iyakar Namibiya da Angola.

A cikin wannan hali sai ga wata murya tana cewa, cikin natsuwa, manya suna ƙarya, kuma ba laifi ba ne ka ji haushin al'ummar da ta haife ka. Da yawa daga masoyan sun ce a bangon wannan faifan suka fara cin karo da tunanin cewa mutum na iya ƙin tsarin mulki gaba ɗayansa, ba wani shugaba guda kawai ba. Waƙar I Wonder kuwa tana yi wa budurwa irin tambayar da ba a furtawa a gidan masu zuwa coci, don haka 'yan makaranta suka haddace ta tsaf, suna rage sauti in sun ji takun iyaye. Waƙar da ta buɗe faifan, Sugar Man, kira ce ga dillalin ƙwaya, har da jero sunayen hajarsa. A ɗakin ajiyar SABC akwai kwafin faifan da ma'aikatan tace waƙoƙi suka sa abu mai tsini suka karce layin wannan waƙa, yadda ko mai gabatar da shiri ya yi gangancin ɗora allura a kai, ba abin da zai fito sai ƙara. Wannan karcen shi ne tallan da ya fi kowane talla. Duk abin da aka ce kada yaro ya ji, shi zai nema.

Sojojin dole suka tafi da kaset ɗinsa daji. A barikin soja ne ma Segerman ya sami laƙabinsa, don abokansa sun riƙa karkatar da sunansa zuwa sunan waccan waƙa, har aka koma ce masa Sugar. A ƙarshen shekarun 1980 kuma, da wasu matasan mawaƙa 'yan ƙabilar Afirkana suka tayar da yunƙurin da aka sani da Voëlvry, suna zagin gwamnatin iyayensu da harshen iyayen nasu, irin su Koos Kombuis da Willem Möller sun ce Rodriguez na cikin waɗanda suka buɗe musu ido.

A nan ya kamata a taka burki kaɗan, domin masoya sukan zuzuta. Za ka ji ana cewa waƙoƙin Rodriguez sun taimaka wajen rusa mulkin wariya. Ni dai ban sayi wannan magana da tsadar da ake sa mata ba. Yaran Soweto da aka harbe a 1976 ba Cold Fact ne ya fito da su kan titi ba, kuma baƙar fatar ƙasar suna da nasu mawaƙan da suka ɗanɗana gudun hijira a kan gaskiya, irin su Miriam Makeba da Hugh Masekela. Da yawa daga waɗanda suka rera Rodriguez a bariki, washegari sun saɓa bindiga sun bi umarni. Abin da faifan ya yi ya fi haka ƙanƙanta, amma gaskiya ne: ya sa wa wasu 'ya'yan masu mulki kokwanto a zuci. A ƙasar da aka gina a kan cewa Bature ba ya tambaya, wannan ma wani abu ne.

Kullen da ya ɗaukaka shi, shi ne kuma ya kashe shi a bakin mutane. Duniya ta ƙaurace wa Afirka ta Kudu, manyan mawaƙa ba sa zuwa, don haka rashin zuwansa bai ba kowa mamaki ba. Amma sauran ana ganin hotunansu a mujallu, ana jin sun fitar da sabon faifai. Shi kuwa shiru. Abin da ke hannun masoyansa duka bai wuce hoton bangon faifan ba: mutum zaune ya tanƙwashe ƙafa, da hula da baƙin tabarau, ba ka ma iya cewa ga ƙabilarsa. Sunayen marubutan waƙoƙin da aka buga a jikin faifan sun ƙara rikita lissafi, don a wani wuri an sa Jesus Rodriguez, a wani an sa Sixth Prince. Mutumin da ya fi Elvis Presley kasuwa, a cewarsu, ba zai yi shiru haka kawai ba. Tun da ba a ji ɗuriyarsa ba, lalle ya mutu, kuma mai irin waɗannan waƙoƙi ba zai yi mutuwar kan gado ba. Sai suka ƙera masa mutuwar da ta dace da shi.

Abin da ya fara warware zaren ƙaramar magana ce. Wata 'yar ƙasar da ta yi ƙaura zuwa Amurka ta zo hutu, ta tambayi Segerman inda za ta sami Cold Fact, ta ce ta zagaye shagunan Amurka ba wanda ya taɓa jin sunan. Abin ya tsaya masa a rai. A 1996, da za a sake fitar da faifan na biyu a kan CD, aka ba shi dama ya sa hannu a rubutun da ke cikin kwalin, sai ya jefa tambaya a ciki, ko akwai mai binciken ƙwaƙwaf da zai gano abin da ya sami mawaƙin nan. Wani matashi mai sha'awar aikin jarida, Craig Bartholomew Strydom, ya karanta, ya ɗauki abin kamar da shi ake.

Strydom bai fita neman rayayye ba. Yadda mamaci ya mutu yake son sani, don ya rubuta labari. Ya fara da bin sawun kuɗi, da hujjar cewa duk faifan da aka sayar da lasisi akwai kason da ake aika wa wani. Ya bi kamfanonin da suka buga faifan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya ce ya biya, ya nuna na gaba. Sawun ya ƙare a kan sunan Sussex, kamfanin da ya daɗe da rufewa, da wasu adireshi da ba kowa a cikinsu. Da wannan hanya ta toshe sai ya koma kan waƙoƙin, yana tsintar sunayen garuruwan da aka ambata. A waƙar Inner City Blues ya ji sunan Dearborn. Ya sha jin kalmar tun yana yaro bai taɓa ɗaukarta sunan gari ba. Ya buɗe littafin taswira, ya same ta a jihar Michigan, manne da Detroit. Daga nan ya lalubo lambar Mike Theodore. A watan Agustan 1997 suka yi waya, ya jero tambayoyinsa, ya ajiye babbar a ƙarshe: shin ƙona kansa ya yi ko harbi? Theodore ya rasa gane inda aka dosa. Ya ce wane irin mutuwa, mutumin yana nan Detroit da ransa da lafiyarsa.

Segerman shi ma ya buɗe shafin cigiya a intanet, da zanen fuskar Rodriguez a jikin kwalin madara, yadda Amurkawa ke cigiyar yaran da suka ɓata. A watan Satumba babbar 'yar mawaƙin ta ci karo da shafin, ta bar saƙo cewa wanda ake nema mahaifinta ne. Suka yi waya. A daren, can wajen ƙarfe ɗaya, wayar gidan Segerman ta yi ƙara. Yana ɗauka ya gane muryar tun kafin mai ita ya faɗi sunansa, don ya fi shekara ashirin yana jin ta. Ya rasa abin faɗa, sai ya gaya masa cewa a ƙasar nan fa ya fi Elvis.

A farkon Maris na 1998 Rodriguez ya sauka a Cape Town tare da 'ya'yansa. A filin jirgi suka ga dogayen motocin alfarma sun jeru, suka ratse gefe don kada su tare wa manyan baƙin da aka zo ɗauka hanya. Ashe su ne baƙin. Aka kai shi masauki mai ƙaton gado, 'yarsa ta ce a kan kujera ya riƙa kwana, don ba ya son a wahalar da mai gyaran ɗaki saboda shi. Har zuwa lokacin akwai masu shakka, cikinsu har da makaɗan ƙungiyar Big Sky da aka ɗauka su yi masa kiɗa, Willem Möller na cikinsu. Sun yi zaton ɗan damfara ne aka samo mai kama da shi. Suna cikin gwaji ya shigo, ya kama waƙar daga inda suke, shakka ta ƙare a nan.

Ranar 6 ga Maris, a zauren Bellville Velodrome, mutane wajen dubu biyar suka cika wuri. Mai babbar jita ya fara kaɗa amon da ke buɗe I Wonder, wanda kowa a zauren ya san shi tun yana ɗan makaranta. Aka kira sunan, ya fito. Jama'a suka miƙe suna ihu, minti bayan minti, har makaɗan suka dakata don ba amfanin ci gaba. Ƙarti masu furfura suna ta sharar hawaye. Shi kuwa, ɗan shekara 55 da ya bar aikin rusau 'yan kwanaki kafin nan, ya tsaya yana murmushi kamar wanda ya saba. Da aka lafa, ya gode musu da suka riƙe shi a raye. Ya yi wasa shida a wannan zuwan, duka a cike. Sannan ya koma Detroit, ya koma bakin aikinsa. Abokan leburancinsa ba su yarda da labarin ba sai da suka ga hotuna. Mafi yawan abin da ya samu a wannan tafiya da waɗanda suka biyo baya, 'yan uwa da abokai ya rarraba wa.

Saura maganar kuɗin faifai rabin miliyan. Kamfanonin Afirka ta Kudu sun ce sun aika kaso Amurka. Rodriguez bai ga ko sisi ba a duk shekarun nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da aka sa Avant gaban kyamara aka tambaye shi, ya fara da yabon Rodriguez har muryarsa na rawa, yana cewa yana cikin mawaƙan da ba zai manta da su ba. Da aka zo kan kuɗi sai ya harzuƙa, ya ce wa zai tsaya bin kwantiragin 1970. A 2014 aka shiga kotu a Michigan a kan haƙƙin waƙoƙin Cold Fact, tsakanin kamfanin wani tsohon mai shirya faifai, Harry Balk, da kamfanin Avant, kuma waɗancan baƙin sunaye da ke jikin faifan su ne tsakiyar rigimar. Abin da ya fi ɗaure mini kai a nan ba halin 'yan kasuwa ba ne, wannan sananne ne. Masoyan ne. Shekara ashirin da biyar dubban ɗaruruwan mutane suna ƙaunar mutum, suna sa wa 'ya'yansu waƙoƙinsa, suna ƙawata labarin mutuwarsa, amma sai a 1996 aka sami wanda ya zauna ya yi tambayar da ta kamata. Tatsuniyar ta fi musu daɗi, kuma mamaci ba ya bin kowa bashi.

Sauran duniya ta ji labarin ne ta hannun Malik Bendjelloul, ɗan Suwidin wanda mahaifinsa ɗan Aljeriya ne. Yana yawon neman labarai a 2006 ya haɗu da Segerman a Cape Town, inda Segerman yake da hannu a shagon tsofaffin faifai mai suna Mabu Vinyl. Ya shafe shekaru yana haɗa fim ɗin Searching for Sugar Man, kuɗi suka yanke masa, har ya ƙarasa wasu wurare da wayarsa ta iPhone da wata manhaja ta ƙasa da dala biyu. Fim ɗin ya fito a bikin Sundance a Janairun 2012, ya ci kyautar Oscar a Fabrairun 2013. Rodriguez bai je bikin Oscar ɗin ba. Ya ce ranar ta masu fim ce, kuma an ce barci yake yi sa'ad da aka faɗi sakamako. A shekara 70 ya sami abin da ya kuɓuce masa yana ɗan 28: Amurka ta saurare shi, ya hau dandalin Coachella da na Glastonbury a Ingila, jami'arsa ta ba shi digirin girmamawa. A lokacin idonsa ya riga ya yi rauni, sai an riƙo hannunsa zuwa gaban makirufo. Bendjelloul bai daɗe yana cin moriyar nasarar ba. Ciwon damuwa ya kama shi, ya kashe kansa a Mayun 2014 yana da shekara 36.

Fim ɗin yana da kyau, amma ya ɓoye wani abu, kuma masoyan Ostiraliya ba su yafe ba. Wani kamfani a can, Blue Goose, ya sayi izinin waƙoƙinsa a tsakiyar shekarun 1970, suka karɓu, har ya je ya zagaya ƙasar da wasa a 1979, ya koma a 1981 ya hau dandali ɗaya da ƙungiyar Midnight Oil. Ke nan ranar Bellville ba ita ce ranar farko da ya ga dubban mutane suna rera waƙarsa ba, kuma wataƙila wannan ne sirrin natsuwar da ya nuna. Masu kare fim ɗin suna cewa labarin 'yan Afirka ta Kudu aka bayar, da abin da suka sani da wanda ba su sani ba. Hujja ce, amma ba ta cika ba. An cire Ostiraliya ne don labarin ya fi zaƙi, alhali ko da ita a ciki ya isa abin mamaki: mutum yana cika zaure a Sydney, a daidai lokacin da ake rantsuwa a Johannesburg cewa ya ƙone ƙurmus.

Rodriguez ya rasu ranar 8 ga Agusta, 2023, yana da shekara 81. Kwana biyar bayan haka Clarence Avant ya bi shi, yana da 92. Faifai biyu kacal ya yi a ɗakin ɗaukar sauti a duk rayuwarsa, kuma har yau masoyansa ba su daina musu a kan wanda ya fi ba. 'Yan Coming from Reality suna cewa a can ne ya nuna zurfinsa, suna kafa hujja da waƙar Cause, wadda shi kansa Steve Rowland ya ce yana cikin mafi baƙin cikin waƙoƙin da ya taɓa ji. 'Yan Cold Fact kuma suna cewa a Landan an lulluɓe muryar da goge da kayan kiɗan da ba ta buƙata, an sa wa lebura rigar da ba tasa ba. Ina tare da na biyun. Mai karatu da ke son jin abin da ya sa ma'aikacin gwamnati ya ɗauki abu mai tsini ya karce faifai, ya fara da Cold Fact, daga waƙar farko zuwa ta goma sha biyu, kada ya tsallake ko ɗaya.